Falle Ukun da Suka Rage

Ranar Talata

Uwargida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, yaya gajiyar hanya, yaya zaman asibiti? Yaya jikin 'yarmu Mamana? Allah ya ƙara sauƙi, ya raba lafiya. Ki gaishe da mijinta, ki ce masa sannu da ɗawainiya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Jiya da kika kira, abin da na ji kawai shi ne "hawan jini" da "likita ya ce". Sauran duk ya bi iska. Na yi ta cewa "to, to" don kada ki gaji da maimaitawa, kuma har yanzu ban san me na amsa ba. Shekara talatin da huɗu a gaban injin buga littattafai ba su bar mini kunnen waya ba. Tunda ƙaninki Direba yana bin hanyar nan sau biyu a mako, gara mu riƙa rubutu.

Gida lafiya. Ina cin abinci. Tukunyarki mai hannu ɗaya ta ɗan ƙone, amma ba sosai ba.

Ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Ranar Asabar da hantsi wata doguwar mata ta yi sallama, da tabarau rataye a wuya. Ita ce Malamar laburaren da ta ba Mamana aikin babbar tagar sabon ɗakin karatun yara. Da ta ga ina ta karkata kai, sai ta rubuta mini bayaninta a bayan ambulan. Tagar falle goma sha biyu ce. An gama tara an kai musu, saura uku. Mako biyar ya rage a buɗe ɗakin, kuma 'yan kwamiti sun ce idan ukun ba su zo ba, za su dawo da taran su sa farin gilashi irin na kowa, don ba za su buɗe ɗaki da taga mai giɓi ba. Ta ce ba ta so ta tayar wa mara lafiya hankali, shi ya sa ta zo ta ji ko akwai mai taya ta aiki.

Uwargida, ban san abin da ya shiga bakina ba. Na ji kaina ina cewa, "Akwai. Za a yi."

Da ta tafi na ɗauki mabuɗi na buɗe garejin. Shekara huɗu ke nan da yarinyar nan ta mayar da shi wurin aiki, ban taɓa wuce bakin ƙofa ba, kin kuma san dalili. Akwai tanderun lantarki mai murfi a sama, kamar firjin masu sayar da ƙanƙara, da ɗan akwatin lambobi a gefensa. Akwai tebur, da filaya iri uku, da wani ɗan ƙarfe mai ƙaramar taya a baki, da injin goge bakin gilashi. Na sami zanen falle na goma da na sha ɗaya da na sha biyu a takarda, kowanne girman buɗaɗɗiyar jarida. Na juya su sama da ƙasa, ban gane hoton mene ne ba. Layuka ne kawai da sunayen launi.

Na kuma sami littafinta. Lambobi ne a jere sahu uku: 150, 540, 20. Ƙasa da su 50, 670, 45. Haka har layi biyar. Ban gane ba tukuna, amma inji inji ne. Wanda ya haɗa launi huɗu a takarda ba tare da ɗaya ya hau kan ɗaya ba, narka gilashi ba zai gagare shi ba.

Na fara da gyara wurin, don ba na iya aiki cikin hargitsi. Bokiti goma sha ɗaya na gutsattsarin gilashi na tarar, shuɗi a nan, shuɗi a can, ja a wuri biyu. Na haɗa kowane launi wuri ɗaya, manyan ma na jera su haka a kanta. Yanzu wurin ya yi kyan gani.

Don Allah kada ki faɗa mata komai. Idan ta tambaya, ki ce Malamar ta ƙara lokaci.

Naki,
Tsohon Kurmanki

Ranar Laraba

Uwargida,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, na karanta har sau uku. Na gode Allah da jinin ya ɗan sauka. Ki tabbata tana kwanciya ta gefen da likita ya ce. Ke kuma yaya ƙafarki? Kada ki yi ta tsayuwa, ki nemi kujera. Na ga inda kika ce ina da taurin kai. Na ji, ba sabon labari ba ne.

Ashe gilashi ba yanka shi ake yi ba. Karce shi ake yi sau ɗaya da ɗan ƙarfen nan mai taya, sannan a kama da filaya a karya, sai ya bi layin. Idan ya ga dama ke nan. Idan bai ga dama ba, sai ya bi hanyarsa. A littafin ta rubuta wa kanta cewa a saurari ƙarar karcen, idan ta yi kamar yagewar takarda to daidai ne. Kin ga ni an bar ni a baya. Sai da na ɓata kwana biyu kafin na gane ana jin abin a wuyan hannu ma. Filasta shida ne a yatsuna yanzu, amma ba mai zurfi.

Na yanka na goma. Gilashi hawa biyu ake yi, fari a ƙasa, masu launi a sama. Akwai wani wuri a zanen mai kamar sanduna huɗu a jere, ɗaya ta fi sauran gajarta sosai. Na ga kuskure ne na gaggawa, sai na ƙara mata tsawo ta yi daidai da 'yan'uwanta.

Gashin farko ya narke tsaf, sai dai ya manne da farantin tanderun kamar tare aka haife su. Ashe farin ruwan da ke cikin wani bokiti, wanda na ɗauka ragowar fenti ne, shi ake shafa wa farantin da buroshi sau biyar, a bari ya bushe, don kada gilashi ya kama. Sai da na sa kurfi da guduma. Faranti biyu gare ta, yanzu saura ɗaya.

Kafin gashi na biyu na gane lambobin. Na farko shi ne digirin da zafi zai riƙa hawa a awa ɗaya, na biyu inda zai tsaya, na uku mintin da zai yi a wurin. Na ji daɗi ƙwarai. Amma layi na huɗu ya ɗaure mini kai. Bayan an kai ɗari takwas gilashi ya narke ya haɗe, wai a sauko ɗari biyar da goma a tsaya awa biyu cur. Tsayuwar me? An riga an gama. Mutum ya dafa abinci ya dahu, sai ya rage wuta ya zauna yana kallonsa awa biyu? Na cire layin daga akwatin lambobin don in rage lokaci.

Washegari da azahar lamba ta nuna ɗari uku. Na ce ai ya huce, na sa safar hannu na ɗaga murfin. Uwargida, ya yi kyau. Ya yi sumul, launin ya zauna. Ina cikin kallo sai na ga wani siririn layi ya taso daga kusurwa, yana tafiya a hankali, ya ratsa tsakiya ya fita ta ɗaya gefen. Ban taɓa shi ba. Ko ƙara ban ji ba. Ina tsaye da murfi a hannu ya dare gida biyu.

Na nemi shagon da take sayen kaya, adireshin na bangon littafin. Wani dattijo ne, kowa Mai Gilashi yake ce masa. Na ce masa wani abokina ne ke tambaya. Ya dubi yatsuna, ya dube ni, ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Ka gaya wa abokin naka, wajen gilashi yana riga cikinsa hucewa. Awa biyun nan ita ce cikin da wajen ke daidaitawa. Kuma kada ya ƙara ɗaga murfi sai ya iya ɗora tafin hannu a kai bai ji ɗumi ba."

Na mayar da layi na huɗu. Har yanzu ban gane yadda abu ɗaya zai yi ciki da waje suna faɗa ba, amma na mayar.

Naki,
Kurma

Ranar Lahadi

Uwargida,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mai jiki. Direba ya ce ya same ki kina gyangyaɗi a kan benci. Ki riƙa karɓa-karɓa da mijinta, kada jinya ta zama biyu. Maganar da kika rubuto cewa jinin ya sake hawa ta hana ni sakat. Me likitan ya ce a kan abin da ke cikin? Ki rubuto mini dalla-dalla, kada ki rage don tausayina.

Ban san ta inda zan fara ba. Gashi na uku ya fito lafiya. Na bi layi biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, na jira yini da kwana, na ɗora hannu na ji sanyi, sannan na buɗe. Lafiya lau. Na ɗaga shi a hasken ƙofa, hasken ya zubo mini a riga, ruwan ƙasa da toka-toka da ɗan ja. Ni kaɗai a gareji ina dariya. Na jingine shi a kan tebur, na shimfiɗa masa tawul.

Kwana biyu bayan haka na shigo na tarar ya tsage, daidai inda ja ya haɗu da toka-toka. Ƙofa a kulle, taga a kulle. Na zargi kyanwar maƙwabta, har na je na yi wa matar gidan magana, ta ce kyanwarsu ta mutu tun bara. Na zargi manyan motocin da ke wucewa. Na zauna na sake karanta littafin daga farko, ban ga inda na kauce ba.

Na naɗe gutsattsarin na koma wurin Mai Gilashi. Wannan karon ban ce abokina ba. Ya juya su, ya tambaye ni daga wane bokiti na ɗebi ja, na casa'in ko na casa'in da shida. Na ce ai na ga lambobin a jikin bokitai, na ɗauka lambar kaya ce. Na ce masa na ma gyara wurin, na haɗa kowane launi wuri ɗaya.

Uwargida, mutumin nan sai ya zauna. Ya cire hularsa ya riƙe. Ya yi mini bayani a rubuce a jikin kwali. Gilashin iri biyu ne. A ido ba su da bambanci ko kaɗan, amma idan sun sha zafi ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, idan sun huce ɗaya ya fi ɗaya tsukewa. Idan aka narka su tare za su haɗe kamar lafiya, amma suna jan juna a ɓoye, yau ko gobe ko bayan wata sai su rabu. Shi ya sa take da shuɗi biyu da ja biyu. Ba hargitsi ba ne. Tsari ne na shekara huɗu, ni na rushe shi a yini ɗaya, har ina yabon kaina a takarda.

Na tambaye shi yadda ake rabawa. Ya ce da ido dai babu.

Na dawo na zauna a gaban bokitan. Kin tuna ranar da ta ajiye aikin kantin magani? Kin tuna abin da na faɗa a gaban baƙi, cewa ban kai ta jami'a don ta riƙa tsintar fasassun kwalabe ba? Ta kwashe kofuna ta fita. Ni a lokacin gani nake wasa ne, a zuba gilashi a wuta ya narke. Yau mako biyu ina fama, falle ɗaya ban fitar ba, ita kuwa ta fitar da tara da ciki a gabanta.

Yanzu ban san abin yi ba. In ci gaba, da wane gilashi? In tsaya, in ce wa Malamar me? In faɗa wa Mamana, jininta fa? Kowace hanya na duba sai in ga ni ne a tsaye na tare ta. Saura kwana goma sha tara.

Tukunyar da na ce ta ɗan ƙone, gaskiya ta tashi aiki. Gara in faɗa tunda yau ranar faɗar gaskiya ce.

Mijinki

Ranar Laraba

Uwargida,

Da fatan kun tashi lafiya, da fatan mai jiki ta samu barci. Ban jira amsarki ba, don abin da na gani jiya ba zai zaunu a cikina ba.

Na shirya na tafi laburaren don in gaya wa Malamar gaskiya. Ta shigar da ni sabon ɗakin. Ana ta fenti, ga ƙananan kujeru a jibge a kusurwa ba a cire musu leda ba. Tagar tana bangon gabas, ramuka goma sha biyu, uku-uku hawa huɗu, an toshe su da katako. Kafin in buɗe baki ta ce ai ya kamata in ga taran. Ta sa ma'aikata biyu suka fito da su daga cikin barguna, suka jingine su a jikin ƙofar gilashi inda rana ke shigowa.

Ban taɓa ganin aikinta ba, Uwargida. Kin sha cewa in je in duba, ina cewa sai an jima. A hawan sama yara ne zaune suna karatu. A na biyu littattafai ne a buɗe. A na uku takardu ne ke tashi sama, fari da ruwan ƙwai, kamar iska ta ɗebo su daga ƙasa. Daga ina suke tasowa? Nan ne giɓin.

Malamar ta ɗauko cikakken zanen ta shimfiɗa a ƙasa. Hawan ƙarshe inji ne, da mutum a tsaye a gefensa. Na sha biyu shi ne injin da robobinsa. Na sha ɗaya kan mutumin ne da kafaɗarsa, ya karkata kai gefe ɗaya. Na goma hannunsa ne a kan takarda. Ashe duk kwanakin nan a juye nake kallon zanen. Sandunan nan huɗu yatsu ne.

Malamar ta dubi zanen, ta dubi hannuna na hagu da ke riƙe da hula, inda inji ya cinye mini rabin yatsa. Na sa hannun a aljihu.

Sau uku ina yanka wannan fallen, sau uku ina ƙara wa yatsan tsawo, ina cewa yarinya ta yi kuskure.

Na nemi wuri na zauna, ƙaramar kujerar yara ce kawai a kusa, gwiwoyina har haɓa. A haka na gaya mata komai: ba ni da sani, na fasa uku, na cakuɗa gilashin. Ta saurara. Ta rubuta mini cewa ranar buɗewa ba ta hannunta, kuma ba za ta iya ɓoye wa kwamiti ba idan suka tambaya, amma ba za ta kai musu maganar da kanta ba sai saura kwana uku.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wannan. Yarinyar da na kunyata a gaban mutane, me ya sa za ta sa ni a taga? Kin sani? Idan kin sani, me ya hana ki faɗa mini? Na yi ta juya abin a mota har na wuce inda zan sauka. Ko huce haushi ne ban gane ba? Ko kuwa ba ta taɓa riƙe ni ba, ni ne nake ta gudun ƙofar gareji a banza?

Ki ba ni shawara. Duk abin da kika ce shi zan yi, kuma ki ajiye wannan takardar don shaida, ba kullum nake faɗar haka ba.

Naki,
Kurma

Ranar Litinin

Uwargida,

Gaisuwa mai tarin yawa. Saƙo ya iso, ambulan biyu. Na fara buɗe naki. Wato Mai Gilashi ne ya kira Mamana ya yi mata sannu, ya tambaye ta labarin sabon ɗalibinta mai furfura. Ban ga laifinsa ba, ban ce masa sirri ne ba. Kin ce ta yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo, da aka zo kan bokitai kuma ta yi kuka. Kin ce an auna jinin bayan nan bai motsa ba. Na karanta wannan layin ya fi sau goma. Shin gaskiya ne, ko lallashina kike yi?

Nata shafi huɗu ne, rubutun a karkace, da alama a kwance ta yi shi. Babu gaisuwa mai tsawo. "Baba, kada ka ƙara taɓa bokitan," da haka ta fara. Sannan ta ce in duba bayan ƙofa, akwai akwatin katako an rufe shi da bargo. Gilashin falle ukun yana ciki, ta riga ta zaɓa ta ware, kowanne da lambarsa, duk iri ɗaya.

Uwargida, a kan akwatin nan nake ajiye farantin abincina tun ranar da na fara.

Sauran umarni ne, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake rubuta wa sababbin ma'aikata a da. A wanke kowane gutsure a goge, a riƙe shi ta baki, don shatin yatsa yana fitowa kamar hazo bayan gashi. A bar tazarar yatsa biyu daga bakin faranti. Layi na biyu, tsayuwar minti arba'in da biyar a ɗari shida da saba'in, ita ce ke ba iska damar fita daga tsakanin hawa biyun, kada in rage ko minti ɗaya. A ƙarshe ta ja layi biyu a ƙarƙashin wannan: "Yatsan yadda na zana shi yake. Kada a gyara mini."

Ba ta ce komai a kan dalilin sa ni a tagar ba. Na duba bayan takardar ma, babu.

Na goma ya fito shekaranjiya. Ban yi dariya ba wannan karon, tsoro nake ji. Ta koya mini yadda ake dubawa: in cire idanun baƙin tabaranta da ke cikin aljihun tebur, in sa ɗaya a gaban gilashin ɗaya a baya, in juya su har su yi duhu, in haska fitila. Idan akwai inda gilashi ke jan juna, wurin zai yi haske kamar farin gajimare. Na duba kusurwa zuwa kusurwa. Duhu ne ko'ina. Ban san yadda tabarau ke ganin abin da ido ba ya gani ba, na daina tambaya.

Na sha ɗaya yana ciki yanzu. Yanka fuskar mutum da hannunsa abu ne mai nauyi. Ta yi mini kunne babba, ban sani ba ko tsokana ce. Saura kwana goma sha ɗaya, kuma gilashin ba shi da ragowa, idan na fasa shi ke nan.

Ki ce mata na bi komai. Ki ce mata... a'a, bar shi, ni zan faɗa da bakina.

Naki,
Kurma

Ranar Alhamis

Uwargida,

Alhamdu lillahi. Barkanmu, barkanmu! Direba bai ma kashe mota ba ya shigo yana ɗaga hannu, na ga bakinsa yana cewa "mace". Yaya mai jego? Yaya wurin aikin da aka yi mata, yana mata zafi? Ke kuma sannu, Allah ya saka miki. Kin ce saura mako biyar a lissafi likita ya ce ba za a ƙara jira ba. Na gode da ba ki rubuto mini ba sai da aka fito, da ban san inda zan sa kaina ba.

Inda kika ce an sa jaririyar a kwalba, sai da gabana ya faɗi. Direba ya yi mini bayani cewa ɗan akwati ne mai ɗumi, ana daidaita zafinsa da lambobi, kuma ba a buɗewa sai da dalili. Na ce masa wannan kam na fahimta.

An kafa tagar jiya. Na sha biyu ya fito lafiya. Na sha ɗaya ma bai fashe ba, sai dai iska ta maƙale a ciki, kumfa ɗaya girman ƙwayar wake, kuma ba ta sami wurin zama ba sai a kumatuna. Na bi layi na biyu daidai, na rantse. Har yanzu ban san daga ina ta fito ba. Duk wanda ya kalla zai ce mutumin yana ciwon haƙori.

Shugaban kwamitin ya zo dubawa. Ya daɗe a tsaye, hasken ya sauko a kan ƙananan kujerun har ƙasa. Sai ya nuna kumfar da sandarsa ya tambayi Malamar ko da gangan aka yi. Ina kallon bakinta. Ko ƙiftawa ba ta yi ba ta ce, "Aikin hannu ne, ranka ya daɗe." Ya gyaɗa kai kamar ya gane, ya sa hannu a takarda. Ki gaya wa Mamana tagarta ta tsaya, goma sha biyu cif. Ki gaya mata maganar kumfar ma, kada ta gani a hoto ta ce na ɓoye.

Yanzu ga abin da nake so ki warware mini. A cikin ambulan ɗinki akwai 'yar takarda da ta rubuta kafin a shiga da ita. Ta ce idan Allah ya tashe ta, wata shida ba za ta iya tsayuwar yanka ba, kuma tana da aiki biyu a gaba. Tana neman mai yanka. Sharaɗi uku: ba zan taɓa akwatin lambobi ba, ba zan gyara zane ba, kuma kowace safiya kafin in fara sai na gwada gutsure ashirin daga bokitan nan, in gasa, in duba da tabarau, in mayar da kowanne gidansa. Na yi lissafi, aikin shekara ɗaya da rabi ne idan ban yi ciwo ba. A ƙasa ta sa hannu, ta rubuta "Shugabar wurin aiki".

Na karanta a tsaye, na karanta a zaune. Ban gane ba ko hukunci ne ko ƙarin girma. Ke da kika haife ta, wataƙila kin sani.

Ko ma wanne ne, ki ce mata na karɓa. Gobe da safe zan biyo Direba in ga jikata, ko ta bayan gilashi ne. Ki nema mini izini wajen Shugabar wurin aikin, don ranar Asabar ya kamata in fara aiki.

Sai na iso. Allah ya ƙara muku lafiya, ku ukun.

Mijinki,
Tsohon Kurma, Mai Yanka